Tsofaffi da wasannin motsa jiki na kwamfuta

Hukumar lafiya ta duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 684,000 ne ke rasa rayukansu a kowace shekara sakamakon faɗuwa, kuma 'yan sama da shekaru 60 ne suka fi yawa a cikinsu.

Shawarar da hukumar ta bayar a shekarar 2020 ita ce, duk wanda ya kai shekaru 65 ya riƙa motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, tare da atisayen da ke ƙarfafa tsayuwa a kwanaki uku na mako. Sai dai tsofaffi da dama ba sa jure maimaita atisaye iri ɗaya kullum.

Wannan ne ya sa likitocin gashin ƙashi suka karkata ga wasannin kwamfuta.

Lamarin ya samo asali ne a shekarar 2006, lokacin da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da na'urar Wii, wadda ake wasa da ita ta hanyar kaɗa hannu. Ba a jima ba wasanta na mirgina ƙwallo ya bazu a gidajen kula da tsofaffi na Amurka da Turai, har ma da gasa tsakanin gida da gida. A 2007 kuma aka ƙara Wii Fit, mai wani faifai da ake takawa yana auna yadda nauyin mutum ke karkata.

Sabbin na'urorin, irin su Meta Quest, sun sha bamban. Tabarau ne mai nauyin kusan rabin kilo da ake ɗaurawa a fuska, wanda ke rufe idanu ruf, ya nuna wa mai shi wata duniya ta kwaikwayo, inda zai yi dambe, ko tuƙin kwale-kwale, ko kauce wa abubuwan da ke tunkaro shi.

A nan ne matsalar take. Dattijon da ke tsoron faɗuwa, shi ne ake cewa ya rufe idanunsa ya motsa, alhali ba ya ganin ƙasan da yake takawa. Akwai kuma jiri da tashin zuciya, waɗanda ke zuwa idan ido ya ga motsi amma sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki bai ji shi ba. Shi ya sa galibi ake fara wa tsofaffi wasan suna zaune, na ɗan gajeren lokaci, da mai kula a gefe.

To amma zaton cewa tsufa ne ke sa a ƙi sabuwar fasaha bai tsaya da ƙafarsa ba. A wani binciken jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam da aka wallafa a 2019, wanda ya ƙunshi mutane 76 masu shekaru 57 zuwa 94, an gano cewa ra'ayin waɗanda suka ɗaura tabarau ɗin ya gyaru bayan gwajin farko, kuma jirin bai dame su sosai ba.

Hakan ya dace da abin da masanin nan ɗan Amurka, Fred Davis, ya bayyana tun 1989, cewa abubuwa biyu ne ke sa a rungumi fasaha: ganin amfaninta, da sauƙin sarrafa ta. Ga tsofaffi ana iya ƙara na uku, wato abokan yi, domin zaman tare ne ya ɗaukaka Wii a gidajensu, abin da tabarau mai keɓe mutum shi kaɗai ke iya ragewa.