Gwakamole: miyar fiya

Idan iyali sun taru a gidan cin abinci na Meziko don murnar aure ko kammala karatu, abin da kan fara sauka a tsakiyar tebur shi ne gwakamole, dakakkiyar fiya da albasa, barkono, gishiri da ruwan lemun tsami. Kowa ya miƙa hannu ya dangwala da soyayyar wainar masara.

Sunan ya girmi gidajen da ke yayinsa. Daga harshen Nahuwatil ya fito, harshen mutanen Aztek: ahuacatl shi ne fiya, molli kuwa miya. Bayan Sifaniyawa sun ci Tenochtitlan, birnin Aztek, a 1521, bakinsu ya lanƙwasa ahuacamolli ya koma guacamole. Wannan molli ɗin ne ya haifi mole, miyar biki mai kauri wadda wani nau'inta har cakulan ake sa masa. Molli ɗin yana nan kuma cikin sunan molcajete, ɗan turmin baƙin dutse mai ƙafa uku. A gidajen da suka san mutuncin abin, a gabanka ake daka fiyar cikinsa, kuma haka ya fi, domin da ta sha iska sai ta fara baƙi.

Sunan tumatir ɗinmu ma tushensa Nahuwatil ne, daga tomatl.