Ganuwa, Gwalalo da Hankali: Darasin Kare Kai Daga Tarihin Kudancin Kano

  

Abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini bayan an tashi daga Islamiyya. Ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya ce: "Malam, idan 'yan bindiga suka shigo garinmu, me zan koya da zai cece ni? Dambe ko kokawa?" Ashe bidiyoyin koyon faɗa yake kallo a waya. Na ce masa: "Ɗana, wannan ƙasa da muke zaune a kanta ta taɓa amsa tambayarka, sai dai ba a ba ku labarin ba." Wannan labari nake so in ba ka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, domin na san ba shi kaɗai ne tambayar ke hana barci ba.

Zamanin Ningawa

A wajajen shekarar 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, wasu malamai ƙarƙashin jagorancin Malam Hamza suka bar garin Tsakuwa saboda saɓani da hukuma kan haraji. Suka nufi duwatsun Ningi, a cikin Jihar Bauchi ta yanzu, suka zauna tsakanin Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse, har suka haɗa kansu suka zama ƙarfi guda. Bayan Malam Hamza, jagoranci ya bi ta hannun irin su Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Gajigi, har zuwa Ɗan Yaya wanda mulkinsa ya ƙare a 1902 da zuwan Turawa. Fiye da shekara hamsin ke nan ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau suna fama da harinsu.

Kudancin Kano shi ne bakin daga. Ƙasar Tudun Wadan Ɗankadai da Rano da Sumaila da Birnin Kudu, duk ba su san barci da ido biyu ba. Dajin da muke kira Falgore a yau, da duwatsun da ke wajen Riruwai a Doguwa, irin wuraren ne da mahari ke iya ɓuya a cikinsu ba a gan shi ba sai ya iso bakin gona. Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gadon Kano a 1855, ya ƙarar da babban yanki na mulkinsa wajen yaƙi da Ningawa, har garin Takai ya zama sansaninsa a wannan fuska.

Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce ita ma daga tata kakar ta ji cewa a wancan zamani mutum ba ya zuwa gona shi kaɗai, kuma mace ba ta zuwa itace sai an san wanda ke kan tudu yana duba hanya. Ina yaro na ɗauki maganar tatsuniya ce. Sai da na shiga jami'a na karanta tarihin Ningi, sannan na gane ashe tsarin tsaro take siffanta mini.

Me ya ceci mutane?

Ba ƙarfin damtse ba ne. Jarumai sun kasance, da barade masu lifidi, da 'yan baka masu kibiya mai dafi, amma manomi da matarsa da 'ya'yansa abin da ya fi cetonsu abu huɗu ne.

Na farko, taruwa wuri guda. Mai gida shi kaɗai a tsakiyar daji shi ne abincin mahari. Don haka ƙananan ƙauyuka suka riƙa komawa garuruwa masu ganuwa. Wannan kuwa siyasa ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817 zuwa 1837) ya assasa, ta kafa garuruwan ribaɗi a kan iyakoki, shi da kansa ya zauna a ribaɗin Wurno har Allah ya karɓi ransa a can.

Na biyu, jinkirta maƙiyi. Bayan ganuwa akan haƙa gwalalo, a bar sarƙaƙiya ta tsiro ta yi duhu, a ƙuntata ƙofa yadda mahaya ba za su shigo a jere ba. Manufar ba kashe mahari ba ce, a'a, a ɓata masa lokaci ne, domin shi jarinsa gaggawa ce: ya faɗo, ya kwasa, ya koma kafin gudummawa ta iso.

Na uku, sanarwa da wuri. Mai gadi a kan tudu, da kuwwa, da ganga, su ne wayar wancan zamani. Wanda ya ji, ba ya tsayawa ɗaure damin dawa. Ƙofar gari yake nufa. Babu wanda ya kira wannan tsoro. Rai aka tsirar, dawa kuwa akan sake shukawa.

Na huɗu, tanadi da shugabanci. Rijiya da rumbu suna cikin ganuwa, kowa ya san ƙofar da zai tsare da kuma wanda zai ji umarninsa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ya karanta Sira zai ga wannan ba baƙon abu ba ne. A shekara ta 5 bayan Hijira, da rundunonin ƙawance suka nufo Madina, Manzon Allah (SAW), wanda ya fi kowa jarumta da tawakkali, shawarar Salmanul Farisi (RA) ya karɓa aka haƙa gwalalo. Ayar ƙarshe ta Suratu Ali Imrana ta haɗa haƙuri da zaman ribaɗi, aya ta 60 ta Suratul Anfal kuma ta yi umarni da tanadin ƙarfi gwargwadon iko.

Ranar Bebeji

Amma akwai darasi na biyu. A farkon watan Fabrairu na 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland, wadda ta taso daga Zariya, ta iso Bebeji. Mutanen garin suka rufe ƙofa kamar yadda suka gada. Turawa suka saita igwa suka fasa ƙofar, sarkin garin da wasu mutanensa suka rasa rayukansu. Ranar 3 ga watan, birnin Kano ya faɗa hannunsu. Ganuwar da ta isa doki da kibiya ba ta isa igwa ba.

Wannan na faɗa wa ɗalibina: wanda ya tari mai AK-47 da dunƙulallen hannu ya maimaita ranar Bebeji ne, ba tare da ma yana da ganuwa ba. Motsa jiki da koyon kokawa abu ne mai kyau, yakan amfane ka idan ɗan sara-suka ko mai ƙwacen waya ya riƙe ka, ka samu ka kuɓuce ka tsere. Amma makami yana sauyawa, wanda bai sauya shiri ba ya halaka. Abin da ba ya sauyawa shi ne asalin hikimar: ka ga haɗari tun yana nesa, ka sanar da jama'a, ka san mafita, kada ka ware kai kaɗai.

Iyakar da Shari'a ta gindaya

Darasi na uku shi ya fi ɗaci. Mutanen da suka bar Tsakuwa malamai ne masu kukan an zalunce su, sun hau dutse ne don su tsira. Amma ba a daɗe ba magadansu suka zama masu kame 'ya'yan talakawan da ba su ji ba ba su gani ba. Mai kare kai, idan ba shi da iyaka, shi ne maharin gobe.

Shi ya sa malaman fiƙihu suka yi wa babin tunkuɗe mai kawo hari ƙa'idoji. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada, don haka kare kai halal ne ba tare da shakka ba. Amma a ruwayar Nasa'i, da wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da mai son ƙwace masa dukiya, an jera masa matakai: ya fara tunatar da shi Allah, sannan ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, sannan ya nemi hukuma, faɗa shi ne na ƙarshe. Daga nan malamai suka ce ana tunkuɗewa ne da mafi sauƙi. Wanda tsawa ta kore shi ba a dukansa, wanda ya juya ya gudu ko aka kama shi, hukuncinsa na alƙali ne, ba na taron jama'a ba.

Mun ga abin da rashin wannan iyaka ke haifarwa. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan banga da gungun mutane suka kashe mafarauta 16 da ke hanyarsu ta dawowa gida hutun Sallah, da yawansu 'yan Bunkure ne, nan maƙwabtanmu. Waɗanda suka aikata haka suna ganin garinsu suke karewa. Idan wannan ya yi mana zafi, to mu ji tsoron Allah kada mu yi wa wani baƙo ko makiyayi irinsa saboda zato.

Kammalawa

Ya 'yan'uwana matasa, ganuwarmu ta yau ita ce sanin maƙwabci, da ajiye lambar mai unguwa da ta jami'an tsaro, da kai rahoton baƙuwar fuska ga hukuma maimakon yaɗa jita-jita a Facebook, da sintirin da ke ƙarƙashin dagaci da sanin 'yan sanda. Ku zauna da iyalanku ku yanke shawarar inda kowa zai nufa idan an ji harbi da dare. Ku koyi yadda ake tsayar da jini a jikin wanda ya ji rauni, domin wannan ilimi yakan ceci ran da dambe ba zai ceta ba.

Ɗalibin nan nawa bai daina motsa jiki ba, kuma ban hana shi ba. Amma a makon da ya biyo baya ya zo mini da takarda, ya rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiyar layinsu, waɗanda ba za su iya gudu ba, da wanda zai ɗauki kowane. Na duba takardar na ce masa: "Yanzu ka fara gina ganuwa."

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.