Sadaka, sadaki, sa-ɗaka: shari'ar Ƙonni da sunan da aka raɗa mata

Ni ɗan ƙasar Tajaye ne, kuma kamar kowane yaro na can na tashi ina ganin ana rabon faɗa. In mata da miji suka saɓa, tsofaffi su zauna, a ji ta bakin kowa, a ce mace ta yi haƙuri, a ce namiji ya sassauta. Sai da na zo jami'a na shiga karatun kimiyyar harshe na lura da wani abu. Kafin a ji ta bakin kowa, an riga an raɗa wa rigimar suna: "yaji ta yi", "rashin kunya ce", "gardamar iyakar gona ce". Mai raɗa sunan kuwa galibi shi ne mai ƙarfi a cikin su biyun. Akwai wata shari'a da aka yi nan kusa da mu, a Birnin Ƙonni, wadda duniya ta sani fiye da yadda mu ƴan yankin muka san ta, kuma a kanta nake son mu tsaya.

Sai mun ɗan koma baya tukuna. A ƙasar Adar da Ƙonni, kafin zuwan Nasara, mutane iri biyu ne a idon al'ada, ɗiya da bayi, a wajen Hausawa da Abzinawa duka. Harshen ma ya riƙe wannan. Kalmar "ɗa" tana nufin wanda ka haifa, tana kuma nufin wanda ba bawa ba. Daga nan "ɗiyauci" ya fito a bakin mutanenmu, "ƴanci" a bakin mutanen Kano. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin mutane a yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma a 1905, amma da sarakuna da hakimai take karɓar haraji, saboda haka ba ta matsa a kan abin da ke cikin gidajensu ba. Kasuwar bayi ta watse, alaƙar ubangiji da bawa ta koma cikin gida. Muka samu mulkin kai a 1960, aka ci gaba da yin shiru. Ƙungiyar Timidria, wadda sunanta ke nufin ƴan'uwantaka a Tamajak, ta kafu a 1991, kuma sai a 2003 dokar hukunta laifuka ta Nijar ta ambaci bauta da sunanta, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

A cikin wannan shirun ne aka sayar da Hadijatou Mani a 1996. Shekararta 12. Uwarta baiwa ce, don haka ubangijin uwar ya ɗauke ta a matsayin dukiyarsa, ya sayar da ita jika 240 na sefa ga wani Alhaji ɗan shekara 46, Souleymane Naroua. Irin wannan ciniki shi ake kira wahaya: mai mata huɗu ya sayi yarinya, ba ɗaurin aure, ba rabon kwana, ba gado, ta yi aikin gida da na gona, ya kuma kwana da ita sa'ad da ya so. Masu yi suna fakewa da addini. Ta yi shekara 9 a gidan, ta haihu a can.

Ga inda ɗalibin harshe zai miƙe zaune. Takardun shari'ar da Faransanci suke, kuma a ciki an rubuta matsayinta da haruffa shida: sadaka. Wanda bai san ƙasar ba zai zaci kyautar neman lada ake nufi. Alhali Bahaushe yana da "sa-ɗaka", wato ƙwarƙwara, wadda aka sa a ɗaka. Ƙugiyar da ke kan harafin ɗ ce ta faɗi a injin rubutun Nasara. Sannan ga kalma ta uku, sadaki, wanda shi ne ke mai da mace matar aure. Kusan duk shari'ar a tsakanin kalmomin nan uku ta yi ta yawo.

A watan Agusta na 2005, dokar 2003 ta riga ta fara aiki, Timidria kuma tana zagaya ƙauyuka tana bayani, Alhajin ya ba ta takardar ƴantawa. Ta ce to, tun da haka ne za ta tafi. Ya ce ina, ai ke matata ce. Ku duba da kyau. Shekara tara tana baiwa, saboda baiwa ba ta da haƙƙin da matar aure ke da shi. Ranar da kalmar "baiwa" ta zama abin da ka iya kai mutum gidan kaso, sai ta wayi gari "mata", saboda matar aure ba ta fita sai da saki. Ita ba ta canza ba, ɗakin bai canza ba. Sunan kawai ya sauya, kuma a bakin mutum ɗaya ya sauya.

Ta samu ta fita, ta kai ƙara kotun al'ada ta Ƙonni a Fabrairun 2006. A watan Maris kotun ta ce babu aure, domin ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a nemi yardarta ba. Ya ɗaukaka ƙara. A watan Yuni babbar kotun Ƙonni ta rushe hukuncin, da hujjar cewa ɗa yana iya auren baiwa in ba shi da halin auren ɗiya kuma yana tsoron faɗawa alfasha. Wallahi duk sa'ad da na karanta wurin nan sai na aje takardar. Alƙalin gwamnati ne, shekara uku bayan doka ta haramta bauta, ya rubuta "baiwa" da hannunsa, bai ga laifi a gabansa ba, gardamar aure kawai ya gani. Kotun ƙoli a Yamai ta soke wannan hukunci a ƙarshen 2006, amma a kan kuskuren tsari, ita ma ba ta taɓa maganar bauta ba.

Ana cikin haka Hadijatou ta auri wanda take so, da yardar danginta. Alhajin ya kai ƙara cewa ta yi aure kan aure. A watan Mayun 2007 aka yanke mata ɗaurin wata 6, ita da ɗan'uwanta da mijin, da tarar jika 50 kowannensu. Ta yi kusan wata biyu a kaso kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta sa a sake ta. Wadda aka saya tana ƴar shekara 12 ita ce ta fara kwana a kurkuku, ba mai sayen ba.

Wani abokina a ɗakin kwana ya taɓa ce mani, "To ai kowa an ji ta bakinshi, shi ma an kira shi, ita ma an kira ta, mi anka rage?" Abin da aka rage shi ne ba daidai suka shigo ba. Shi yana da gona, yana da shaidu, ya san ƙofar hakimi da ta jandarma, kuma maƙwabta sun saba da kiransa Alhaji. Ita ba ta yi lakwal ba, takardun da ke yanke rayuwarta da harshen da ba ta ji aka rubuta su, danginta kuma sun tashi ne cikin tsoron irin gidan da take ƙara. In aka zaunar da mutum biyu irin haka aka ce "ku sasanta", an riga an yarda cewa saɓani ne tsakanin tsara da tsara. Daga nan duk abin da ta yi laifi ne: in ta fita ta yi yaji, in ta yi magana ta yi tsaurin ido, in ta yi aure ta keta doka.

Sai da maganar ta fita daga hannun masu raɗa sunan kafin a kira ta da nata. Da taimakon Timidria da Anti-Slavery International aka kai ƙarar kotun CEDEAO, kotun ta zo Yamai ta zauna a Afrilun 2008, ta yanke hukunci ran 27 ga Oktoba. Ta ce abin da aka yi wa Hadijatou bauta ce, kuma ƙasar Nijar ta gaza kare ta, domin alƙalan da suka ga baiwa a gabansu wajibi ne su tada maganar da kansu. Aka ce gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa, aka kuma biya. Ba duk abin da ta nema ta samu ba: kotun ba ta yarda cewa ɗaurin da aka yi mata ya saɓa ƙa'ida ba, tun da hukuncin kotu ne ya kai ta. Wannan ɓangaren ba a cika faɗinsa ba, ni kuwa yana ci mani rai.

A 2014, a Ƙonnin nan dai, aka ɗaure wani dattijo shekara 4 saboda wahaya. Wannan karon sunan laifin ne a kan takardar tun daga farko. Ita kuwa waccan ƙofar ta CEDEAO, Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka yarinyar da za ta shiga halin Hadijatou yau kotunan gida ne a gabanta, daga Illela zuwa Ƙonni zuwa Yamai.

Da na je hutun bana an yi maganar wani aure a unguwarmu da ya watse kafin a kai goro. Yaro da yarinya suna son juna, iyayen yarinyar suka aika a binciko "asali", manzo ya dawo, magana ta mutu. Ba wanda ya furta waccan kalmar. Na tambayi gwaggona abin da ya faru, ta dube ni ta ce, "Jininsu ne bai haɗu ba," ta ci gaba da tankaɗe.