Shekara 170 da Kafa SMA: Ƙungiyar da Ta Tashi Daga Kan Kaburbura

Muna yara a ƙauyenmu na kudancin Kaduna, ba mu san wata ƙungiya mai suna SMA ba. Fada kawai muka sani. Ran da zai zo, tun daga nesa ake jin ƙarar babur ɗinsa, ya iso farar rigarsa ta yi jawur da ƙura, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Rabin akwatin kayan ibada ne, rabi kuma kwalaben magani da bandeji. Kakata ce ke fara tarbarsa da ƙwaryar ruwa: "Sannu da zuwa, Fada, yaya hanya?" Shi kuwa ya amsa da Hausarsa mai karkata, "Lafiya lau, Mama, sai gajiya." Kafin a shiga coci sai ya gama wanke gyambon yara a gindin mangwaro, kuma ban taɓa jin ya tambayi uwar yaro addininta ba. Sai da na girma na gane cewa mutumin nan ɗan wata ƙungiya ne, Ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda ke cika shekara 170 ranar 8 ga Disamba, 2026.

Wanda ya kafa ta Bafaranshe ne, Melchior de Marion Brésillac, haifaffen 1813. Bai fara da Afirka ba. Indiya aka tura shi a 1842, har ya zama bishop a Coimbatore. Can ya ci karo da abin da ya hana shi barci: yadda bambancin asali ya biyo mutane har cikin coci, da kuma nauyin jikin da abokan aikinsa Turawa ke yi wajen naɗa 'yan ƙasa firistoci. Ya yi magana, ya yi rubutu, abin ya ƙi gyaruwa, sai ya ajiye muƙaminsa a 1855. Mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, da rawanin bishop, da ya so sai ya koma gida ya miƙe ƙafa. Maimakon haka ya roƙi Roma ta tura shi inda babu mai son zuwa. A 1856, a majami'ar Fourvière da ke kan tudun birnin Liyon, shi da abokai shida suka ɗaura alkawarin ba da ransu ga Afirka.

Abin da ya biyo baya, ko yau in na karanta sai jikina ya yi sanyi. Ya sauka Firitawun ta Saliyo ranar 14 ga Mayu, 1859, ya tarar cutar shawara na ta ɗauke mutane a garin. An ba shi shawara ya zauna cikin jirgi, ya ƙi, don 'yan'uwansa na can tudu. Ɗaya bayan ɗaya suka kwanta. Ranar 25 ga Yuni shi ma ya cika, bayan mako shida kacal a nahiyar da ya yi shekaru yana mafarkinta. Cikin su shida da suka je Saliyo, mutum ɗaya ne ya koma Faransa da rai.

A lissafin duniya magana ta ƙare ke nan. Amma an bar wani matashin firist a Liyon yana kula da ɗalibai, Augustin Planque. Shi ya ƙi yarda a rufe gidan, ya riƙe ragamar har rasuwarsa a 1907, kusan shekara hamsin. A zamaninsa Fada Francesco Borghero, ɗan Italiya, ya sauka Widah ta Dahome a 1861, daga nan aikin ya kai Legas, ya kai Elmina ta Gana a 1880, ya kai Lakwaja a 1884. Planque ne kuma ya lura cewa namiji ba ya shiga ɗakin haihuwa, ba a kuma ba shi 'ya mace ya koyar, sai ya kafa ƙungiyar Sistoci ta OLA a 1876. Waɗanda suka zo a waɗannan shekaru, da yawansu 'yan ƙasa da shekara talatin ne, kuma da yawa ba su yi damina uku ba zazzaɓi ya kwantar da su. Wanda ya mutu a binne shi, jirgi na gaba ya kawo wani.

Mu nan Arewa, tarihinmu da su ya fara ranar 12 ga Fabrairu, 1907, da firistoci uku suka isa Shendam, ƙasar Goemai: Oswald Waller da Ernest Belin da Joseph Mouren. Turawan mulki ba su yarda 'yan mishan su yi wa'azi cikin masarautun Musulmi ba, shi ya sa aikin ya kama gefen Filato da kudancin Zazzau da unguwannin Sabon Gari da suka biyo layin dogo. Shekarun farko a Shendam, masu shiga addinin ba su taka kara sun karya ba. Noma aka yi, aka koyi harshe, aka yi jinyar marasa lafiya. Mai haƙuri ya dafa dutse ya sha romonsa: a 1934 aikin ya yi faɗin da aka raba shi gida biyu, Kaduna da Jos, akasari a hannun firistocin ƙasar Ailan. A hayin Nijar ma 'yan SMA ne suka buɗe mishan a Yamai a farkon shekarun 1930.

Daga nan zuwa bayan samun 'yancin kai, a ganina, shi ne lokacin da ƙungiyar ta fi haskawa. Kusan duk inda aka kafa coci na ciyawa, sai an kafa aji a gefensa. Sistoci suka buɗe kwalejin 'yan mata ta Queen of Apostles a Kakuri, wadda yau ake kira Kwalejin Sarauniya Amina. Firistoci suka buɗe St. John's a Kaduna a 1949, wato Kwalejin Rimi ta yanzu, sannan St. Murumba a Jos. Asibitin OLA na Jos ya karɓi haihuwar 'ya'yan Kirista da na Musulmi da ba su ƙirguwa. Akwai manyan sojoji da alƙalai da likitoci na Arewa, masu salla da masu zuwa coci, da suka zauna benci ɗaya a waɗannan makarantu.

Masu suka na cewa 'yan mishan sun shigo ne a inuwar Bature mai mulki. Zamani ɗaya suka zo, wannan gaskiya ne, amma wanda ya duba yadda Joji da Di'o suka riƙa shata musu iyaka zai san ba kullum ake ga maciji ba. Ana kuma tambaya me ya sa sai a 1983 ƙungiyar ta fara karɓar 'yan Afirka a matsayin membobi. Jinkiri ne, ban musa ba. Dalilinsu shi ne wasiyyar Brésillac, cewa a fara gina cocin 'yan ƙasa kafin a cika gidan kai. Tun 1920 suka kai Paul Emecete ga zama firist a Asaba, kuma ko da gwamnati ta karɓe makarantu a shekarun 1970, sun riga sun shirya magada: Gabriel Ganaka ya zama bishop na Jos a 1974, Peter Jatau ya zama babban bishop na Kaduna a 1975.

Yau fararen gashin Ailan sun kusa ƙarewa a gidajen mishan. Samarinmu na Najeriya da Gana da Togo da Benin ne ke sanye da rigar, wasunsu ma Turai ake tura su. Haɗarin ma bai gushe ba, kamanni ya sauya. A Satumba 2018 'yan bindiga suka ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli daga ƙauyen Bomoanga a Nijar, inda yake hidimar marasa lafiya da yara masu tamowa, bai samu kansa ba sai Oktoba 2020 a Mali.

Taimakon da ke zuwa daga Liyon da Cork ta Ailan ya ja baya, don waɗanda ke jefa sulalla a akwatin mishan a can sun tsufa. Ɗakin shan magani na ƙauye da rijiya da ajin yara kuwa har gobe ana bukatarsu. Ku da kuka sha karatu a makarantun nan, ko aka haife ku a asibitocinsu, kafin 8 ga Disamba ku leƙa gidan mishan mafi kusa da ku, ku tambayi Fada abin da ya rage a yi.