Alkawarin da Kotu Ba Ta Tsaronsa

A kowace shekara, farkon Nuwamba, dubban ɗalibai masu neman shiga jami'o'in Amurka suna sa hannu a wata takarda tare da iyayensu da malamin ba da shawara na makarantarsu. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne: jami'a ɗaya tak suka zaɓa, za ta ba su amsa a tsakiyar Disamba, kuma idan ta karɓe su dole su janye duk takardun da suka aika wasu wurare. Wannan shi ne tsarin alkawarin wuri.

Tsarin ya samo asali ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da ƙananan kwalejojin arewa maso gabashin ƙasar suka gaji da ganin manyan jami'o'i suna kwashe musu zaƙaƙuran ɗalibai. Ribar jami'a a bayyane take: ta san adadin waɗanda za su zo, ba ta kuma gasa da kowa wajen tallafin kuɗi. A 2003, Christopher Avery da abokan aikinsa biyu sun nuna cewa neman gurbi da wuri yana ƙara wa ɗalibi damar da ta kai kusan maki 100 a jarrabawar SAT.

A nan matsalar adalci ta taso. Ɗan mai hali ba ya jin ɗar wajen sa hannu, amma ɗan talaka yana bukatar kwatanta tallafin jami'o'i daban-daban kafin ya ɗaure kansa. Dalili ke nan da Harvard da Princeton suka soke karɓar wuri a 2006. A 2011 suka dawo da shi, sai dai ba mai ɗaurewa ba.

To, wa ke hukunta wanda ya saɓa? Jami'o'i ba sa kai ɗalibi kotu, kuma takardar ta yarda a sake shi idan tallafin bai isa ba. Tsoro ne ke tsaron alkawarin: malamin makaranta na iya ƙin aika sakamakon ɗalibin wani wuri, domin kada 'yan baya su rasa amincewar jami'ar, wasu kwalejoji kuma sun riƙa musayar sunayen waɗanda suka karɓa.

Wannan musayar ce ta sa Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fara bincike a 2018, bisa zargin keta dokar hana haɗa baki a kasuwa. A 2025 wasu ɗalibai suka maka jami'o'i da kwalejoji 32 a kotu kan irin wannan zargi.

Alkawari kaya ne, kuma wanda ya sa hannu da saninsa ya kamata ya cika. Sai dai tarihin tsarin ya nuna cewa kayan sun fi nauyi a kan ɗan shekara 17, yayin da ribar take komawa ga waɗanda suka rubuta takardar.