Ƙagaggun Labaran Intanet Na Ƙasar Sin: Yadda Ake Mayar Da Su Zane Da Matsin Da Marubutansu Ke Ciki

Duk wanda ya saba karanta labarai masu zane a wayarsa zai iya cin karo da irin waɗanda ke fitowa daga ƙasar Sin, masu jarumai da dogon gashi da manyan riguna, suna tashi sama a kan takubba. Sinawa na kiran wannan fanni manhua, Japanawa na cewa manga, Koriyawa kuma manhwa, kuma asalin sunayen uku guda ne. Da yawa daga cikin fitattun manhua na wannan zamani rubutattun labarai ne tun farko, waɗanda wani marubuci ya riƙa sakawa a intanet babi-babi, kafin wani kamfani ya sayi haƙƙinsu ya ba masu zane. Saboda haka duk abin da ya taɓa marubucin, ko kwangila ce ko hukumar tacewa ko kotu, yakan bi labarin har cikin zanen.

Inda labaran ke fitowa

Shafuka biyu ne suka fi tasiri a tarihin wannan adabi. Na farko shi ne Qidian, wanda aka kafa a 2002, ya kuma shigo da tsarin biyan kuɗi a kan babi a 2003: mai karatu zai karanta farkon labari kyauta, daga nan sai ya riƙa biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowane haruffa dubu, a raba kuɗin tsakanin shafin da marubucin. Na biyu shi ne Jinjiang, wanda aka kafa a 2003, kuma mata ne suka fi yawa a cikin marubutansa da masu karanta shi. A 2015 kamfanin Tencent ya haɗa Qidian da wasu shafuka a ƙarƙashin kamfanin Yuewen, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong a 2017. Alƙaluman hukumomin Sin sun nuna cewa masu karanta irin waɗannan labarai a ƙasar sun haura miliyan 500.

Tsarin biyan kuɗin ya tsara yadda labaran suke. Marubucin da ke son lada na musamman da shafi ke bai wa wanda bai yi fashi ba, dole ne ya fitar da dubban haruffa kullum, ba hutun mako ba na biki. Shi ya sa labari ɗaya kan kai babi dubu ko fiye, kuma kowane babi kan tsaya a inda zai bar mai karatu da ɗokin na gobe.

Yadda rubutu ke zama zane

Kamfanonin zane sun fi son labarin da ya riga ya tara masoya, domin kasadar asara ta ragu. Douluo Dalu na Tang Jia San Shao, wanda ya fara fita a Qidian a 2008, da Doupo Cangqiong na Tiancan Tudou, na 2009, da Quanzhi Gaoshou na Hudie Lan, labarin ƙwararrun 'yan wasan kwamfuta da ya fara a 2011, duk sun bi hanya ɗaya: daga rubutu zuwa manhua, zuwa zane mai motsi, zuwa fim mai dogon zango. Sunayen nan duka laƙabi ne, domin kusan babu marubucin intanet a Sin da ke rubutu da sunansa na yanka.

Manyan dandalin da ke wallafa zanen su ne Kuaikan, wanda Chen Anni ta kafa a 2014, da sashen zane na Tencent, da na Bilibili da aka buɗe a 2018. Sun ari tsarin da Koriya ta Kudu ta shahara da shi, inda ake jera hotuna daga sama zuwa ƙasa don mai waya ya riƙa ja da yatsa, kuma kusan duka da launi ake yin su. Aikin na ƙungiya ne: wani zai taƙaita babin ya mayar da shi zance, wani ya tsara hotunan, wani ya ja layi, wani ya zuba launi, galibi a fitar da kashi ɗaya duk mako.

Marubucin asali sau da yawa ba shi da ta cewa a kan yadda aka sarrafa labarinsa, domin ya miƙa haƙƙin ga shafin tun lokacin sa hannu a kwangila. Wannan ne ya jawo rikicin 2020, lokacin da sharuɗɗan kwangilar Yuewen suka fito fili, marubuta da dama suka ƙi saka sabon babi a ranar 5 ga Mayu don nuna fushinsu. Daga baya kamfanin ya fitar da sabbin nau'o'in kwangila.

Tacewa a shafi da a zane

Ƙasar Sin ba ta da tsarin rarraba littattafai da fina-finai bisa shekarun mai karatu ko mai kallo. Ma'auni ɗaya ake amfani da shi ga kowa, wato abin da bai dace da yaro ba, ba a yarda babba ya gan shi ba. Alhakin tabbatar da hakan yana wuyan shafukan ne, kuma shafin da ya yi sake yana iya fuskantar tara ko rufewa. Don haka shafukan kan wuce iyakar da hukuma ta gindaya don su tsira da kasuwancinsu.

A 2014 ofishin ƙasa mai yaƙi da batsa da haramtattun wallafe-wallafe ya ƙaddamar da kamfen ɗin tsaftace intanet. Tun daga lokacin wata ƙa'ida ta shahara tsakanin marubutan Jinjiang, cewa idan ana bayanin kusantar masoya, kada alƙalami ya sauka ƙasa da wuya. Shafin ya kuma sauya sunan sashensa na danmei, wato labaran soyayya tsakanin maza biyu waɗanda galibi mata ke rubutawa mata ke karantawa, ya koma kiransa sashen tsantsar soyayya. A 2018 aka mayar da kula da harkar wallafa ƙarƙashin sashen yaɗa manufofi na Jam'iyyar Kwaminis. A 2019 aka tilasta wa Jinjiang da Qidian dakatar da wasu sassansu na 'yan kwanaki don su yi gyara. A watan Yunin 2020 hukumar kula da 'yan jarida da wallafa ta umarci shafuka su yi wa kowane marubuci rajista da sunansa na gaskiya, ko da zai ci gaba da fitowa da laƙabi a gaban masu karatu.

A aikace, na'ura ce ke fara tacewa. Tana da jerin kalmomin da aka haramta, idan ta ci karo da ɗaya sai ta maye gurbinta da ƙananan akwatuna. Da yake rubutun Sinanci ba ya barin fili tsakanin kalmomi, takan haɗa harafin ƙarshen wata kalma da na farkon wata ta ga laifin da babu shi, jimla mai tsabta ta fito da rami a tsakiya. Babin da aka yi ƙorafi a kansa ana kulle shi har sai an gyara, kuma babin da ke kulle ba ya kawo ko sisi. Batsa ce aka fi ambata, amma siyasa, da addini, da tarihin jam'iyya, da bayanin yadda ake aikata laifi, duk wurare ne da gogaggen marubuci ke kauce wa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa labarai da yawa suka gudu zuwa ƙagaggun dauloli da duniyar aljanu, inda babu jami'in gwamnatin da zai ga kansa.

Matsin ya fi tsanani ga zane, domin abin da rubutu zai iya lulluɓewa da kalma, hoto yakan bayyana shi. Masu zane kan rufe wani sashe na hoto da farin haske ko hayaƙi, su sauya launin jini, su ƙara wa hali tufafi, ko su yanke hoton a daidai inda abin zai faru. Wani lokaci akan koma a gyara tsofaffin kashi da aka daɗe da wallafawa, mai karatu ya dawo ya tarar da abin da ya biya ya canza.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Mo Dao Zu Shi na marubuciya Mo Xiang Tong Xiu, wanda ya fita a Jinjiang tsakanin 2015 da 2016. Kuaikan ya fara wallafa zanensa a ƙarshen 2017, zane mai motsi ya biyo baya a 2018, sai fim mai dogon zango Chen Qing Ling a 2019, wanda ya yi fice ƙwarai. A fim ɗin an mayar da alaƙar jaruman biyu ta zama aminci da 'yan'uwantaka. Shi kuwa rubutaccen labarin da ya haifar da wannan arziki duka, an kulle shi a shafin da aka fara wallafa shi. A watan Satumban 2021 hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa ta hana nuna mazan da ta kira masu ɗabi'ar mata, kuma tun daga nan ƙofar mayar da danmei fim ta kusan rufewa. Hao Yi Xing, wanda aka kammala ɗaukarsa a 2020, na cikin waɗanda suka maƙale.

Doka da kotu

Ya kamata a bambanta abu biyu. Tun 1997 dokar Sin ta daina hukunta mu'amalar jinsi ɗaya, kuma a 2001 aka cire ta daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Tuhumar da ake yi wa marubuta ta dogara ne a kan sashe na 363 na dokar manyan laifuka, wanda ya haramta samarwa da yaɗa kayan batsa don neman riba. Hukuncinsa hawa uku ne: ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko shekara 3 zuwa 10 idan laifin ya yi tsanani, ko shekara 10 zuwa rai da rai idan ya tsananta matuƙa.

Inda gardamar take shi ne ma'aunin tsananin. Wata fassarar doka da Kotun Ƙoli da ofishin babban mai gabatar da ƙara suka fitar a 2004 ta sa dannawa 10,000 a matsayin matakin farko na laifi, ninki 5 ya zama mai tsanani, ninki 25 ya zama mafi tsanani. A 2004 dannawa 250,000 abu ne mai yawa. A yau labari mai babi ɗari da 'yan dubban masu karatu zai wuce wannan adadi idan aka tara dannawar kowane babi, kuma lauyoyi da malaman shari'a a cikin Sin sun sha cewa ma'aunin ya tsufa.

A watan Oktoban 2018 wata kotu a Wuhu, lardin Anhui, ta yanke wa marubuciya mai laƙabin Tianyi ɗaurin shekara 10 da wata 6, bayan ta buga ta sayar da kwafi kusan 7,000 na wani littafinta, ta samu kimanin yuan 150,000. Hukuncin ya tayar da ƙura a kafafen sada zumunta, inda mutane suka riƙa nuna cewa hukuncin fyaɗe na yau da kullum a dokar ƙasar shekara 3 ne zuwa 10.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: marubuta da dama suka kwashe rubutunsu na manya zuwa Haitang, wani shafi da ke Taiwan, wanda ba a shiga daga babban yankin Sin sai ta ɓarauniyar hanya. Hakan bai fisshe su ba, domin kuɗin da suke samu ta bankunan gida yake shigowa. A 2024 'yan sandan gundumar Jixi a Anhui suka kama marubutan shafin da dama, aka yanke wa wata mai laƙabin Yun Jian shekara 4 da wata 6, wasu kuma da suka mayar da kuɗin da suka samu aka sassauta musu. A 2025 'yan sandan Lanzhou, a lardin Gansu, suka sake gayyatar wasu, kuma rahotanni sun ce aƙalla 30 aka tsare, galibinsu 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai, wasu ɗalibai. Da yawansu ba a Gansu suke zaune ba, abin da ya sa masu suka suka kira salon da kamun kifi a teku mai nisa, wato 'yan sandan wani yanki su bi mutanen wani yanki saboda tara da kuɗin da za a ƙwace. Wasu lauyoyi sun yi tayin kare su kyauta.

Duk wannan na faruwa ne a daidai lokacin da gwamnatin Sin ke alfahari da adabin intanet a matsayin hajar al'adu da take fitarwa waje. Yuewen ya buɗe dandalin Webnovel don masu karatu na ƙetare a 2017. A watan Disamban 2021 kamfanin Seven Seas na Amurka ya fara fitar da fassarar Turanci ta littattafan Mo Xiang Tong Xiu guda uku, cikinsu har da Tian Guan Ci Fu, wanda zanensa ke fita a Bilibili tun 2019, kuma suka shiga jerin littattafan da aka fi saya na jaridar New York Times. Mai karatu a Landan ko Taipei yana iya sayen cikakken Mo Dao Zu Shi a kanti, alhali bugun da aka yarda ya fito a babban yankin Sin an sauya masa suna zuwa Wuji, an kuma rage shi.