Asalin Littattafan Soyayya na Kano

Duk wanda ya taso a birnin Kano, ko Kaduna, ko Gusau, a shekarun 1990, ya san waɗannan 'yan ƙananan littattafai masu siririn bango da hoton mace a kai, waɗanda ake shimfiɗawa a bakin titi, ake cusawa a ƙarƙashin matashi, ake ba da aronsu daga ɗaki zuwa ɗaki har bangon ya yage. Ana kiransu littattafan soyayya. Ga yadda aka yi suka samu.

A da can, kafin mutum ya ga labarinsa a rubuce cikin boko, sai hukuma ta yarda. A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Littattafai ne nagari, har gobe ana karanta su. Amma domin makaranta aka yi su, kuma hannun da ya zaɓe su shi ne ya buga su. Haka abin ya ci gaba a zamanin Kamfanin Gaskiya, da Hukumar NORLA, har zuwa kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966. Kusan shekara hamsin ƙofa ɗaya ce, tana Zariya, kuma ba kullum ake buɗe ta ba. A 1980 ne ma aka fara ganin ƙagaggen labarin da mace ta rubuta ya fito ta wannan ƙofa, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed.

Ana nan, sai abubuwa biyu suka ci karo da juna. Na farko, masu karatu suka yawaita. A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, aka cika azuzuwa da 'ya'yan talakawa, maza da mata. A Kano kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, matan aure da magidanta suka shiga koyon abacada da yamma. Ba a yi shekara goma ba sai ga dubban mutane da suka iya karanta Hausa tiryan-tiryan, ko da Turancinsu bai kai ya kawo ba. Na biyu, kuɗi suka ƙare. Farashin man fetur ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, takarda da tawada suka yi tsada. Manyan kamfanonin ɗab'i suka janye jiki, suka koma buga littattafan makaranta kaɗai, domin su ne ke da tabbacin ciniki. Ga masu ƙishirwar karatu, ga rijiya ta ƙafe.

To, a nan ne matasa suka daina jira. Mutum zai rubuta labarinsa da biro a littafin makaranta, ya kai wa mai tafireta ya buga masa, ya harhaɗa kuɗi daga ɗan abin da ya tara ko rance wurin 'yan'uwa, ya nufi ɗaya daga cikin ƙananan maɗaba'un da ke buga katin biki da kalanda. In littafi ya fito, shi ne zai ɗauka a bayan babur ya kai wa masu kantin littattafai a Kasuwar Kurmi da Sabon Gari, su kuma su rarraba wa 'yan sari da ke tafiya Sakkwato, da Jos, da Maiduguri, har Maraɗi da Damagaram. Babu edita, babu mai gyaran ƙa'idar rubutu, babu wanda zai ce masa wannan magana ba ta dace a buga ba. Galibin masu bin diddigin wannan tarihi suna fara lissafi ne daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a 1984.

Rashin jari ne ya sa ake raba labari gida biyu ko uku. Marubuci ba shi da kuɗin buga shafi ɗari uku a tashi ɗaya, don haka sai ya buga na ɗaya, ya yanke labarin a daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya, ya jira cinikin ya dawo sannan ya buga na biyu. Wanda ba shi da kuɗin saye kuwa, ga shagunan haya a unguwa: ya ajiye 'yan sulalla, ya karɓa, ya kwana yana karantawa, ya mayar da safe. Gidajen rediyo ma suka shiga karanta su a iska, wanda bai iya boko ba ya saurara. Marubutan sukan sa adireshinsu a cikin littafi, wasiƙu su yi ta zuwa, wasu na yabo, wasu na neman shawara a kan auren da za a yi musu ba da sonsu ba.

Da abin ya bunƙasa sai suka ga gara su haɗa kai. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. A Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa, da Balaraba Ramat Yakubu. Sukan duba wa juna rubutu, su jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a bayan kowane littafi, ta yadda wanda ya sayi ɗaya zai san sauran. Littafin Ado Ahmad, In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, shi ne ya fi kowane tashe a lokacin. Labarin Sumayya ne, 'yar masu hali, da ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata saboda Muhammad talaka, har ta kai ta faɗa rijiya.

Amma in ana son a san zuciyar wannan al'amari, sai a dubi mata. Su ne suka fi karantawa, kuma ba a daɗe ba suka fi yawa a masu rubutawa. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tun tana yarinya, daga baya ta koma ajin manya ta ƙarasa neman iliminta. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ba labarin zance a ƙofar gida take bayarwa ba. Tana maganar magidancin da ya kori uwargida da 'ya'yanta saboda amarya, da yarinyar da aka hana karatu aka aurar wa sa'an ubanta. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatunta ke kira Anti Bilki, ta zo da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe, inda 'yan mata ke yin karatu su zama likitoci ba tare da sun bar addininsu ko gidajensu ba. Waɗannan maganganu an daɗe ana yin su a tsakar gida da gidan biki da murya ƙasa-ƙasa. Abin da ya sauya shi ne sun hau takarda, har miji da uba da malami suna iya karantawa. A ganina wannan kaɗai ya isa a girmama matan nan, ko da rubutunsu na da kurakurai.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Iyaye suka ce littattafan na koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin magabata, har aka riƙa zargin cewa wasu sun kwaikwayi Sumayya. Wasu suka ce finafinan Indiya ne aka juye cikin Hausa, kuma gaskiya akwai inuwarsu a ciki, domin sinimomin Kano sun yi shekaru suna nuna su. A jami'a, Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan littattafan kasuwar Onica, yana ganin abu ne mai wucewa. Abdalla Uba Adamu, da Yusuf Adamu, da Ibrahim Sheme suka tsaya musu, aka yi shekaru ana kai ruwa rana a shafukan jaridu irin su Nasiha da New Nigerian. Masu suka suna da hujja a kan gaggawa da rashin gyara. Na sha karanta littafin da ko waƙafi babu a shafi guda. Sai dai ban ga yadda za a zargi mutum da rashin edita ba alhali masu editan ne suka rufe masa ƙofa. Hukuma ma ta sa hannu: an kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 aka ƙona tarin irin waɗannan littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Daga cikinsu ne kuma sana'ar fim ta sami ƙafar tsayawa. Marubuta da dama sun koma bayan kyamara, aka mayar da In Da So Da Ƙauna fim, haka ma Alhaki Kuykuyo Ne da Ki Yarda Da Ni na Anti Bilki. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne cikin Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Yau cinikin takarda ya ja baya ƙwarai, shagunan haya sun yi ƙaranci, mafi yawan sababbin labarai a waya ake rubuta su, ana tura su shafi-shafi ta WhatsApp ga waɗanda suka biya kuɗin karatu. Mata ne har yanzu suka fi yawa a ciki, kuma a 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara shirya musu gasar Hikayata ta shekara-shekara.